'Yan Manchester United, wai meye matsalar tsarin 3-4-3 ɗin Amorim ne? (hira ce ta lokacin da Amorim yake kocin United)

Na Fagge: Salam 'yan uwa. Ni dai tun daren da Grimsby suka fitar da mu daga Kofin Carabao a 2025 ban ƙara leƙa gidan kallon unguwarmu ba, 'yan Arsenal ko shayi ba sa barina in sha lafiya. Kulob ɗin League Two fa, rukuni na huɗu a Ingila, mu tashi 2-2 da ƙyar sannan su cinye mu 12-11 a fenariti, shi kuma koci yana can benci yana ta jujjuya 'yan maganaɗisu a allo. Kowa ya faɗi abin da idonsa ke gani, don ni kaina ya ɗaure.

Baban Ummi: Matsalar tsakiya ce malam, ba wani abu ba. Na taɓa buga lamba 6 a ƙungiyar unguwa, na san wahalar da mutum yake sha idan an bar ku ku biyu a tsakiya abokan hamayya kuma su uku ne, duk inda ka juya akwai wanda ba mai riƙe da shi. To ka ɗauko Bruno wanda aikinsa bayar da bal ɗin ƙarshe ka dawo da shi baya kusa da Casemiro da ƙafa ta fara nauyi, Bruno ya tafi gaba kamar yadda ya saba, Casemiro ya rage shi kaɗai cikin fili kamar mai gadin kasuwa, fas ɗaya kawai an wuce su an fuskanci 'yan baya. Ga Mainoo ɗan tsakiya yana ɗumama benci.

Ɗan Damagaram: Gaskiya ne Baba. Ni abin da ke ƙona min rai 'yan gefen nan ne, tsarin gaba ɗaya a kansu ya dogara amma sai ka ga Dalot mai ƙafar dama a hagu, dole sai ya tsaya ya gyara bal kafin ya bugo, kafin nan kowa ya koma gida. Amad kuma da ya kamata ya riƙa yanka mutane kusa da raga an mai da shi mai tsaro.

Mai Shayi: Ku dai ku ce Onana.

Baban Ummi: Gola yana da nasa laifin, amma ba shi ya hana mu cin ƙwallo ba ai. Final ɗin Europa da Tottenham a Bilbao a shagon maƙwabcina na kalla, bal tana ƙafarmu kusan duk wasan, su ci ɗaya su koma baya su kulle, mu kuma sai cilla bal sama muke ana fitarwa da ka. Ɗan gabanmu Hojlund ƙwallo 4 ya ci a Firimiya kakar 2024/25 gaba ɗaya, yaron ma bal ba ta isa wurinsa.

Na Fagge: Ta 15 muka ƙare da maki 42 wallahi, ƙanena ɗan Chelsea har a status ya saka.

Ɗan Damagaram: A Sporting ta Portugal tsarin ya ci ma Amorim kofin lig sau biyu saboda 'yan wasan sun dace da shi. Nan kuma ana cinmu 1-0 minti 80 sai ya cire ɗan baya ya sako wani ɗan baya, ranar da na ga haka tashi na yi na bar kujerar duk da na biya kuɗin kallo.

Mai Shayi: Amma Asabar ai za ka dawo, in ajiye maka benci na gaba?