Neman kalma: eriyar da ke jin gefe guda ta rage hayaniyar sauran

Mai Fassara: Salamu alaikum 'yan uwa. Gobe da safe zan miƙa fassarar wani darasi kan masu rediyon sha'awa, waɗanda ke kiran juna ta iska daga ɗakunansu. Na maƙale a kan eriyar da suke kafawa don saurare kawai, mai karkata ga inda muryar take. Me zan kira ta?

Ɗan Fagge: Eriya mai alƙibla.

Malama: A'a, alƙibla tana da muhallinta. Mai karatu zai ɗauka gabas take kallo. "Mai fuska ɗaya" ya fi.

Injiniya: Ku fara duba aikinta tukuna. A mita 160 da mita 80 abin da ke binne murya shi ne ƙarar tsawa, da ta inbata, da caja, da fitilun LED. Ribar wannan eriya tana cikin abin da ta ƙi ji. Irin da ake kira Beverage doguwar waya ce kusa da ƙasa, a miƙe ta saitin tashar da ake nema, a rufe ƙarshenta da resista (ɗan abin da ke rage gudun lantarki) zuwa ƙasa don kada ta ji ta baya. Da ita wani Ba'amurke mai rediyon sha'awa, Paul Godley, ya jiyo 'yan Amurka ta iska yana Ardrossan ta Sikotlan a Disambar 1921. Ita kuwa ƙarama mai zobe ta fuska biyu take ji, ta kurumce ta biyu. Shi ya sa in ka juya ƙaramin rediyo a matsakaicin zango tasha ke dusashewa, don irinta ce a cikinsa. Don haka "fuska ɗaya" bai game su duka ba, Malama.

Baffa: Duk kuna ta "eriya, eriya", ita ma ai aro ce. Ku ce kunnen zomo. Zomo na juya kunne inda motsi yake, yaro ma ya gane.

Injiniya: Baffa, Allah ya ƙara girma, Turawa sun riga sun laƙaba wa eriyar kan talabijin mai ƙaho biyu wannan sunan. Kuma wayar Beverage ba ta juyawa.

Baffa: Me ya haɗa mu da abin da Bature ya laƙaba? Harshenmu ne ko nasa?

Ɗan Damagaram: Mu nan "anten" muke cewa. Kullum Kano ce ke yanke kalma, mu sai dai mu bi.

Ɗan Fagge: To sai mu bar aron Ingilishi mu kama na Faransanci?

Ɗan Damagaram: Ban ce haka ba. A riƙa tambayarmu dai, mu ma masu harshen ne.

Mai Fassara: Don Allah mu dawo, dare na yi. Na sa "eriyar saurare mai zaɓen fuska". Inda ba ta ji kuma na kira shi "kurman gefe".

Malama: Kurman gefe ya zauna. Ɗayan ya yi tsawo a bakin mai karanta labarai.

Baffa: Sa abin da ka ga dama, ɗana. Ni dai ɗalibaina kunnen zomo za su ji daga bakina.