An ce ana ɓalle kejin burauza, in sauya ko in zauna?

Aisha: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ji ana cewa danna mahaɗi kawai ya isa a shiga kwamfutar mutum ta Chrome. In koma wata burauzar ne?

Malam Bashir: Wa alaikumus salam. Duk shafin da kika buɗe, burauza tana kulle shi a cikin keji, don ko na mugunta ne kada hannunsa ya kai ga fayilolinki. A Maris 2025 aka kama wasu sun samu hanyar ɓalle kejin. Lambar ɓarakar CVE-2025-2783, a Chrome na Windows, a sashen Mojo da ke kai saƙo tsakanin shafi da uwar burauzar. Masu bincike na kamfanin tsaron kwamfuta na Kaspersky ne suka gano ta, bayan an yi amfani da ita a kan 'yan jarida da cibiyoyin ilimi a Rasha, ta imel mai kama da gayyatar taro. Google ta toshe ta ranar 25 ga Maris, a siga ta 134.

Yakubu: Shi ya sa ni Firefox nake amfani da ita.

Malam Bashir: Yakubu, kada ka saki jiki. Mozilla, mai Firefox, ta duba tata bayan haka, ta tarar da makamanciyar matsalar, ta gyara a siga ta 136.0.4. Sauya burauza ba magani ba ne.

Hajiya Binta: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu barin shafuka arba'in a buɗe wata guda cur. Gyaran yana sauka da kansa, amma ba ya kama aiki sai an rufe burauzar an sake buɗewa. Aisha, rubuta chrome://settings/help a wurin adireshi, ki ga abin da zai ce miki.

Yakubu: Masu Edge da Brave da Opera fa?

Hajiya Binta: Duk a kan Chromium aka gina su, wato tushe ɗaya da Chrome, amma kowacce sai an sabunta ta daban. Wadda ba ka buɗewa, cire ta kawai.

Sadiq: Tawa Windows 7 ce, Hajiya.

Malam Bashir: Nan akwai damuwa, Sadiq. Chrome ya tsaya a siga ta 109 a kan Windows 7 tun farkon 2023, duk gyaran da ya biyo baya bai iso gare ka ba. Daina shiga asusun banki da ita har ka sauya tsarin.

Aisha: Na duba yanzu. Ashe gyara na nan yana jira na sake buɗewa. Na rufe na buɗe, ya ce komai ya sabunta. Na gode, Hajiya. Bari in duba ta mahaifiyata ma.