Kwatar ƙofar gida da fitilar bakin titi: abin da mazauna Kano suka gani da idonsu

Malamin firamare, daga Kurna:

Assalamu alaikum. Ina roƙon iyayenmu da 'yan uwa kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa game da titi da kwata da fitilar layinsu, ba abin da ya ji a rediyo ba. Zan fara da nawa. A daminar da ta wuce, cikin watan Agusta, ruwa ya sauka tun bayan la'asar har aka yi isha'i bai ɗauke ba, sai kwatar bakin layinmu ta cika ta tumbatsa ta haɗe da titi, har mutum ba zai iya bambance hanya da rami ba. Murafen siminti biyu na kwatar sun daɗe da karyewa. Mu 'yan layin mun san wurin, muna kauce masa ko cikin duhu, amma yaro ba ya riƙe irin wannan a ransa. Wani ɗalibina ɗan aji huɗu da aka aika sayen maganin sauro ya zurma har ƙirji, Allah ya sa mai shayin bakin layi ya hango shi ya fizgo shi. Washegari muka tafi ofishin da muke zaton aikinsu ne, aka ce mu rubuta takarda, da muka kai takardar kuma aka ce hanyar ba a ƙarƙashinsu take ba. Har yau tsohuwar taya da reshen darbejiya ne alamar da ke wurin.

Direban adaidaita sahu, daga Ɗorayi:

Malam, sannunku, Allah ya kiyaye gaba. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013, mu ne muke shiga kowane lungu, saboda haka babu ramin da ban san shi ba tsakanin Kabuga da Sabon Gari. Abin da na lura da shi shi ne, rami ba ya fara fitowa sai a inda ruwa ke kwanciya, kuma ruwa ba ya kwanciya sai inda kwata ta toshe. Sai a zo a cike ramin da kwalta a bar kwatar yadda take, kafin damina ta kai tsakiya ya sake buɗewa ya fi na da. Akwai kuma masu yanka titi su binne bututun ruwa, su mayar da ƙasa su yi tafiyarsu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowace naira lissafinta nake yi, amma a damina ɗaya sau uku na kai mashin wurin bakanike saboda ƙafar gaba, ga balas na mai mashin yana jira kullum.

Dattijo, daga cikin gari:

'Ya'yana, ku bari in koma da ku baya kaɗan, domin wannan ruwan da kuke gani a kan titi da yana da gidansa. Gidajen cikin birni da ƙasa aka gina su, kuma ƙasar a nan kusa ake haƙo ta, ramin da ya rage shi ne kududdufi. Lokacin da muke yara kusan kowace unguwa tana da nata. Idan aka yi ruwa, indararo ya zubo tsakar gida, rariya ta fitar da shi waje, lungu ya miƙa shi kududdufi, abin da ya yi saura kuma ya gangara Jakara ta gefen Kasuwar Kurmi. Ba na cewa kududdufi ba shi da illa, domin sauro a can yake haihuwa, kuma mun sha jana'izar yaran da suka je wanka ba su dawo ba. To amma da idona na ga yadda aka mayar da su bola, shara ta taru shekara da shekaru har ta zama tudu, sannan aka yanka filaye aka ɗora gini, ba tare da an yi wa ruwan wata hanya a madadin tasa ba. Kududdufin bayan gidanmu yanzu shaguna ne, kuma tun daga shekarar da aka gama su katangar ɗakin mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, take shan ruwa daga ƙasa, har ta faɗi bara waccan da asuba. Allah ya rufa asiri babu kowa a ciki. Duk wanda ya ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a watan Agustan 2022 ya lalata atamfa da shadda ta ɗimbin dukiya, ya san abin ba na talakan lungu kaɗai ba ne.

Mai tuyar awara, daga Sheka:

Baba, Allah ya ƙara girma. Ni tawa damuwar ta fitila ce. Lokacin da aka kafa mana fitila mai sola a bakin layi, sai wurin ya zama kamar ƙaramar kasuwa: ni da mai ƙosai da mai tsire duk muka matso ƙarƙashinta, almajirai suna bitar allonsu a gefe, mata suna zuwa kemis bayan isha'i ba tare da neman ɗan rakiya ba. Ba ta cika shekara biyu ba ta fara mutuwa da ƙarfe tara na dare, daga baya ta daina kamawa gaba ɗaya. A cikin wannan duhun ne wasu samari biyu suka tare ƙanwata da wuƙa suka karɓe wayarta, taku kaɗan daga kaskona, ban ga fuskar ko ɗaya ba. Yanzu da magariba nake tashi, cinikin da ya fi tsoka kuwa na dare ne.

Mai haɗa sola, daga Hotoro:

Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Wannan sana'ata ce, kuma abin da kika kwatanta alama ce ta batir da ya gaji. Fitilar da ke mutuwa da wuri sau da yawa ƙwanta lafiya lau yake. Ƙurar hunturu ce take lulluɓe gilashin solar ta hana batir cika, idan kuma aka daɗe yana kwana ba caji ga zafin bazara yana dukansa, sai ya mutu kafin lokacinsa. Tsumma da ruwa da tsani sun isa su ƙara wa fitila kwana, amma ban taɓa ganin wanda aka ɗora wa wannan aikin ba bayan ranar da aka kunna ta aka ɗauki hoto. Masu akwatin batir a gindi kuwa ɓarayi ke fasa su, kamar yadda suke kwashe waya da murafen ƙarfe su sayar a matsayin jari-bola. Idan kun samu lokaci ku duba ko akwatin taku yana nan a rufe; in yana nan, gyaran bai fi ƙarfin 'yan layi ba.

Ma'aikaciyar jinya, daga Gyaɗi-gyaɗi:

Ina neman afuwar manya, amma dole mu faɗi namu laifin. A layinmu da zarar hadari ya haɗo sai ka ga ana aiko yara da bokitin shara su juye a kwata domin ruwa ya tafi da ita, alhali ba ta wuce kwalbatin farko, inda ledar fiya-wata ke cushewa. Ranar Asabar ta ƙarshen wata, lokacin tsaftar muhalli, matasa suna yashe kwatar da zuciya ɗaya, sai dai abin da suka fitar a bakinta yake zama babu motar da za ta kwashe, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Daga Agusta zuwa Oktoba kuma mu muke karɓar yaran da zazzaɓin sauro da gudawa suka galabaitar.

Malamin firamare, daga Kurna:

Na gode muku duka, musamman Baba. Jiya bayan isha'i na karanta wa jama'ar masallacinmu abin da kuka rubuta, kuma mai unguwa ya amince a yi karo-karo gida-gida a sayi siminti da rodi a zuba murafe biyun kafin ruwan farko, wani magini a cikinmu ya ce ba zai karɓi kuɗin aiki ba. Babban kwalbatin da ke ƙarƙashin titi ya fi ƙarfinmu, shi za mu sake rubuta takarda a kansa, wannan karon da sa hannun masu unguwanni uku. Malam na Hotoro, mu ma muna da fitila biyu da suka mutu, kuma na duba da safen nan, akwatin ɗaya yana nan da kwaɗonsa.