Tsohuwar akori-kura tana shaƙewa in an ɗauki gudu

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Tsohuwar akori-kura ce da ni mai kafireta, famfon manta na jikin inji ne, ba na lantarki ba. A cikin gari lafiya lau, silo ɗinta ko rawa ba ya yi. Amma da na hau babban titi na wuce gudun kilomita 80 a awa, in an jima sai ta fara fizga, ƙarfi ya yi ta zubewa, ko na danne totur har ƙasa ba ta amsawa. In na sauka gefe na ɗan jira, sai ta tashi kamar ba ita ba. Da kaya ko a hawa abin ya fi saurin zuwa. An sa sabbin fulogi, an wanke kafireta, ba ta canza zani ba.

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam. Famfo ne Baba, a canza shi a huta.

Oga Tanko: Ɗan Auta, a yi a hankali. Mu fara tabbatarwa mai ne yake yankewa ba wuta ba, don kwayil in ya tsufa yakan gaza idan ya ɗau zafi, ya huce kuma ya dawo aiki. Wuta takan yanke ne farat ɗaya, wani lokaci har da harbi ta salansa. Yunwar mai kuwa a hankali take kashe mota. Baban Ummi, ran da ta sake yi, ka zaɓi wurin da ba cunkoso, ka taka kuloci ka kashe inji nan take ka gangara gefe. Mataki ɗaya za ka murɗa makulli kada sitiyari ya kulle, ka kuma san birki zai yi tauri. Kada ka bar ta a silo ko kaɗan, famfo zai sake cika kwanon kafireta ya ɓatar da shaida. Cire murfin matatar iska, leƙa maƙogwaron kafireta, ka ja totur da hannu sau da yawa. In tana ta feso mai da ƙarfi, mu koma wajen wuta. In ta ɗan tofa ta tsaya, kwanon a bushe yake. Inji a kashe fa, kada wani ya tayar kana leƙe.

Malam Isiya: Tunda za ka tsaya, ka buɗe murfin tanki a lokacin ka kasa kunne. Man da yake fita dole iska ta maye gurbinsa. In hanyar iskar ta toshe, tankin sai ya riƙe man, famfo ya yi ta ja ba ya samu. Za ka ji "fuuu" iska na rugawa ciki. Ka gwada tafiya da murfin a sassauce, amma ba da cikakken tanki ba.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai. Oga, na yi yadda ka ce. Jan farko ta ɗan tofa, daga nan ko ɗigo. Malam, murfin bai yi wani sauti ba, na sassauta shi ma ta sake yi.

Oga Tanko: Madalla, mai ne. Filta nawa gare ta? Mutane suna canza na kan layi su manta wasu kafiretoci, irin su Rochester Quadrajet, suna da wani ɗan ƙarami a ɓoye cikin noti inda bututun mai yake shiga. Sifana biyu za ka sa, ɗaya ta riƙe babban notin, in ba haka ba ka murɗe bututun. Na kan layin kuma kada ka jefar, yanka shi biyu ka zazzage a kan farar takarda mu ga abin da ya tara.

Direba Sale: Ni abin da ya wahalar da ni a irin wannan tiyo ne. Wani ɗan guntu a saman tanki, inda ido ba ya kaiwa. Ta waje ka rantse lafiyarsa ƙalau, ashe cikinsa ya saɓule, da famfo ya ja da ƙarfi sai ya manne ya rufe hanya. Wani kuma tsagewa yake yi, mai ba ya zuba amma iska na shiga, kamar mai zuƙar ruwa da tsinke mai huji. Duk tiyon da ke tsakanin tanki da famfo ka matsa shi da yatsa. Wanda ya yi laushi tuɓus ko ya bushe ƙamas, cire shi, ka sa wanda aka yi don fetur.

Ɗan Auta: To a sa mata na lantarki mana, ai shi ba ya gajiya.

Oga Tanko: Kai dai kana son famfo. Kafireta ƙarfin da take so bai wuce psi 4 zuwa 7 ba. Famfon motocin injekta yakan kai 40, har ya wuce. Ka ɗaura mata shi ya fi ƙarfin allurar fulot da ke tsayar da mai in kwanon ya cika, mai ya malalo kan inji mai zafi, sai dai wani labarin. In ma za a sa, mai ƙaramin ƙarfi ake nema, a ɗaura shi ƙasa-ƙasa kusa da tanki don ya fi iya turawa a kan ja, a kuma haɗa shi yadda zai mutu in inji ya mutu. Kuma in toshewar a tanki take, sabon famfo ma ita zai tarar. A gwada tsohon tukuna: cire bututu a bakin kafireta, saka shi a kwalba, tayar da inji da man da ya rage a kwanon. Lafiyayyen famfo yakan ba da wajen rabin lita cikin daƙiƙa 30. A fili za a yi, ba sigari, na'urar kashe gobara a kusa. Ka kuma zaro sandar auna baƙin mai ka sunsuna. In da warin fetur, robar cikin famfon ta fashe, nan Ɗan Auta ya yi nasara.

Alhaji Mamman: Ba wanda ya ambaci zafi. In bututu ya bi kusa da manifol na hayaƙi, fetur yakan tafasa a ciki, famfo kuwa tururi ba ya turuwa masa. Da rana kawai take yi, ko har da dare?

Baban Ummi: Alhaji, har da asuba da sanyi ta yi. Famfo ya cika ma'aunin Oga, baƙin mai ba wari, tiyon da hannuna ya kai duk da ƙwarinsu. Amma filtan da na yanka, jan gari ne fal a ciki, har da ɓarɓashi kamar ɓawo.

Oga Tanko: Tsatsa ke nan, daga tanki take. A bakin bututun da ke tsotso mai a cikin tanki akwai 'yar raga. A silo man da ake ja kaɗan ne, shi ya sa gwajin kwalba ya wuce. A gudu kuwa jan yana da ƙarfi kuma ba hutu, ɓarɓashin yana ta taruwa yana manne wa ragar har ya rufe ta. Da ka tsaya jan ya saki, sai ya zube ƙasa, mota ta tashi lafiya. In kana son ƙarin shaida, cire tiyon da yake kawo wa famfo mai daga tanki, buɗe murfin tanki, ka hura iska a hankali zuwa baya har ka ji tana ɓulɓula. In ta yi tafiya mai nisa fiye da da kafin ta sake shaƙewa, magana ta ƙare.

Alhaji Mamman: A hankalin nan da Oga ya ce a riƙe shi. Iskar kwamfuresa mai ƙarfi tana iya tunkuɗe ragar ta faɗa cikin tanki.

Oga Tanko: Haka ne Alhaji. Kuma hurawar gwaji ce kawai, tankin sai ya sauko. A ƙarar da man, a cire kan batir, a sauke shi a wanke, a canza ragar da guntun tiyon da Sale ya faɗa tunda an riga an kai wurin, a hure bututun ƙarfen, a sa sabbin filtoci. In cikin ya ci ya yi ramuka, a nemi wani tankin. Kada a kai shi wajen mai walda don an ga ba mai a ciki, tururin da ya rage shi ne yake fashewa.