Man shafawata yana yin fumfuna bayan mako biyu: ina neman shawara

Mai tambaya, daga Birni

Assalamu alaikum, 'yan'uwa da malaman wannan zaure. Na shekara uku ina sarrafa man kaɗanya zalla, ina buga shi da man ridi da ɗan turare, kuma bai taɓa lalace mini ba ko da ya yi wata shida a kanta. A watan Maris na fara haɗa man shafawa mai ruwa, saboda masu saye suna cewa na kaɗanya yana yi musu nauyi da zafi. Ina sa ruwa, da ruwan aloe vera da nake matsewa da kaina, da man kaɗanya, da kakin da ke haɗa ruwa da mai. Kashin farko na sa bitamin E kaɗai, bayan kwana goma sai ga ɗigo-ɗigon baƙi a ƙarƙashin murfi. A kashi na biyu na ƙara ƙaramin cokali na benzowat na sodiyam da aka sayo mini daga Kano, amma jiya wata mai saye ta dawo mini da robarta, saman man ya yi kore-kore kuma yana warin tsami. Wane sinadarin adanawa ya kamata in saya, kuma yaya zan gane yana aiki kafin in kai kaya kasuwar Dole?

Wata mai sabulu, daga Zango

Wa alaikis salam, ƙanwata. Ni a ganina ki bar waɗannan sinadarai, ki zuba zuma da ruwan lemun tsami, sannan ki ajiye a firji. Sabuluna ba na sa masa komai, kuma yana shekara lafiya lau.

Malamin sinadarai a makarantar sakandare

Hajiya, Allah ya ƙara albarka a sana'a, amma sabulu da man shafawa ba tafiyarsu ɗaya ba. Sabulun da aka yi da soda yana da kaifin da ƙwayoyin cuta ba sa iya rayuwa a cikinsa, domin awonsa na pH yana kaiwa 9 zuwa 10 (pH ma'aunin tsami ne: 7 ne tsakiya, ƙasa da 7 tsami, sama da 7 kaifi irin na soda). Zuma kuwa tana tsare kanta ne saboda ƙarancin ruwan da ke cikinta, da zarar an tsinka ta da ruwa ta koma abincin fumfuna. Firji ma ba ya bin roba zuwa ɗakin mai saye, balle a watan Afrilu da Mayu da zafin Damagaram ke wuce digiri 40.

Malama mai tambaya, man kaɗanyarki na da bai lalace ba ne domin babu ruwa a ciki. Bitamin E aikinsa hana mai yin ɗoyi idan iska ta daɗe tana taɓa shi, ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya. Benzowat kuwa sinadarin adanawa ne na gaskiya, sai dai yana da sharaɗi: ba ya aiki sai a cikin abu mai tsami. A pH 4.2 rabinsa ne ke cikin siffar da ke iya shiga jikin ƙwayar cuta, a pH 5 abin ya ragu zuwa kusan kashi 14 cikin ɗari, a pH 7 kuwa ko kashi ɗaya bai kai ba. Ki sayi takardar awon pH a kantin magani ko wurin masu kayan ɗakin gwaji, ki dama giram ɗaya na man a giram tara na ruwa mai tsafta, ki tsoma takardar, ki gaya mana abin da ta nuna.

Mai tambaya

Malam, na gode ƙwarai. Na samo takardar, kuma launin da ta ba ni yana tsakanin 6 da 7.

Malamin sinadarai

To, ga amsar nan a hannunki. Hanya biyu ce a gabanki. Ko dai ki sauko da pH zuwa tsakanin 4.5 da 5 da ɗigon asid sitirik da aka narkar a ruwa, kina ɗigawa kina aunawa, sannan ki haɗa benzowat da wani sinadarin adanawa, sorbat na fotasiyam, ko kuma ki koma ga fenoksi-etanol, sinadarin adanawa wanda bai damu da tsami sosai ba. Ni na biyun nake ba masu farawa shawara. Akwai haɗin fenoksi-etanol da ake sayarwa da sunan Euxyl PE 9010, wanda ake sawa kashi 0.5 zuwa 1 cikin ɗari, kuma dokar kayan kwalliya ta Tarayyar Turai, mai lamba 1223/2009, ta tsayar da iyakar fenoksi-etanol a kashi 1. Idan kayanki daga Faransa ake kawo su, za ki fi cin karo da wani sinadarin adanawa mai suna Cosgard, wanda shi ma, kamar benzowat, ya fi ƙarfi a ƙasa da pH 6.

Cokali kuma ki ajiye shi gefe. Ki nemi ƙaramin sikeli irin na masu awon zinariya, wanda ke nuna kashi ɗaya cikin ɗari na giram. Idan duka haɗinki giram 500 ne, kashi 1 shi ne giram 5, ba a ƙara ko ɗigo da sunan neman tabbaci, domin abin da ya wuce ƙa'ida yana iya ƙona fatar mutane. Ki bari haɗin ya huce zuwa kusan digiri 40 kafin ki zuba, ki juya sosai.

Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji

Yaya, abin da Malam ya faɗa daidai ne, sai dai ni aloe ɗin nan da kike matsewa da hannu shi ya fi tsaya mini a rai. Ɗanyen ruwan ganye yana shigowa da ƙwayoyinsa tun daga gona, ga shi kuma abinci ne a gare su, don haka sinadarin da kika sa zai ƙare ƙarfinsa wajen yaƙi da abin da ya tarar tun ranar farko. Ki cire shi, ko ki sayi garinsa da aka sarrafa. Haka ruwan jarka da 'yan garuwa ke kawowa bai dace da wannan aiki ba. Ki nemi tataccen ruwa na kantin magani, ki ɗora shi a wuta ya kai digiri 70 zuwa 75, ya zauna haka minti 20. Ki goge kwano da muciya da robobi da alkol mai kashi 70, ki bar su su bushe da kansu. Roba mai faɗin baki da ake tsoma yatsa safe da yamma ita ce ta fi saurin lalacewa, kwalba mai famfo ta fi ta nesa ba kusa ba.

Game da gwaji, ina roƙonki kada ki dogara da ido da hanci. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 17516 ta ce kada ƙwayoyi su wuce 1000 a giram ɗaya na man shafawa, ko 100 idan na yara 'yan ƙasa da shekara uku ne ko na gefen ido, alhali fumfunar da ido ke gani ba ta bayyana sai sun ninka wannan adadi nesa. Gwajin da masana'antu ke yi, ISO 11930, shi ne a zuba wa man ƙwayoyi iri biyar da gangan, ciki har da Pseudomonas aeruginosa da Staphylococcus aureus da Candida albicans, sannan a ƙirga abin da ya rage a rana ta 7, ta 14 da ta 28. Wannan ba a yin sa a gida. Abin da za ki iya shi ne ki raba sabon haɗi a robobi uku, ki rubuta kwanan wata a jikin kowace: ɗaya a firji, ɗaya a inuwar ɗaki kina tsoma yatsa a cikinta kullum, ɗaya a ƙarƙashin rufin kwano inda zafi ya fi tsanani. Ki riƙa duba wari, launi, rabuwar ruwa da mai, da pH kowane mako har wata biyu. Idan ɗaya ta lalace kin tabbatar haɗin bai yi ba, amma idan duka suka tsira ba ki tabbatar da komai ba tukuna, sai kin aika samfur ɗakin gwaji an ƙirga. Ki tuntuɓi LANSPEX, ɗakin gwaji na ƙasa da ke Yamai, ki ji irin gwajin da suke karɓa da kuɗinsa.

Mai sabulu

Lalle na ƙaru. Ashe shi ya sa sabulun ruwan da na tsinka bara ya yi yauƙi.

Mai tambaya

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Robobi 23 na sayar daga kashi na biyu, kuma na san gidajen mutum 19 daga cikin masu sayen. Gobe da safe zan bi su in karɓo, in ba kowa man kaɗanya zalla a madadinsa, sauran huɗun kuma zan sa yarinyar da ke yi mini talla ta nemo su.