Ƙanwata ta yi yaji karo na uku, wannan karon da hannu a kumbure

Maman Sadiƙ:
Assalamu alaikum. Don Allah shawara nake nema. Ƙanwata ce, ciki ɗaya, shekararta bakwai da aure a Kaduna, yara biyu. Daren Talata ta iso gidana da goyo a baya, hannun hagu ba ya ɗaguwa. Mijin ne ya buga mata muciya a kan kuɗin cefane. Sau biyun farko Baba ya ce zaman aure sai haƙuri, aka zo biko, aka mayar da ita. Yanzu ta ce ta gama, amma abu biyu ke hana ta barci: ba ta da kuɗin sadakin da za ta mayar a yi hul'i, kuma ya rantse sai ya ƙwace yaran. Ta ina za mu fara?

Anti Lauya:
Wa alaikumus salam. Asibiti tukuna, yau ɗin nan, kada ku tsaya wurin mai ɗori. Ku karɓi takardar likita, ku ɗauki hoton raunin kafin kumburin ya saɓe. A asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri akwai cibiyar Salama, ta waɗanda aka ci wa zarafi.

Batun sadaki kuwa, ta kwantar da hankalinta. A Malikiyya, wadda kotunan Shari'a ke bi, idan cutarwa ta tabbata alƙali na raba auren ba tare da mace ta mayar da ko sisi ba. Maƙwabtan da suka saba jin kukanta shaidu ne. Riƙon yara na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji, ciyarwa kuma a wuyan uba. In ta sake aure, mahaifiyarku ce ke gaba, ba shi ba. Jihar Kaduna ta kafa dokar VAPP, wato dokar hana cin zarafin mutane, a 2018, kuma ƙarƙashinta kotu na iya hana shi kusantarta. Ku nemi FIDA, ƙungiyar mata lauyoyi, suna taimaka wa marasa ƙarfi kyauta.

Ummu Khairat:
Ni na bi hanyar nan. Kada ta koma kwasar kaya ita kaɗai, ko da ya kira yana kuka. Ni na koma ɗaukar takardun makarantar yara, ranar na rasa haƙori. Ku tura maza biyu daga danginku. Kuma Yaya, in wata rana ta ce tana kewarsa, kada ki yi mata faɗa. Ni da aka yi min, daina faɗa wa kowa komai na yi.

Baban Amira:
Hajiya, kada ku bar Baba a baya, shi ne waliyyinta. Ki kai ta gabansa ya ga hannun da idonsa, ki tafi da ƙanensa ko limamin da yake jin maganarsa.

Maman Sadiƙ:
Na gode, Allah ya saka. Mun dawo daga asibiti, an yi hoto, tsagewar ƙashi ce. Kawu zai raka mu wurin Baba bayan la'asar.