Neman kalmar Hausa: me za mu kira na'urar saitin jita da ake takawa da ƙafa?

Mai_Jita_Kaduna: Salamu alaikum jama'a. Ana shirya ɗan littafin koyon jitar lantarki da Hausa, sai aka zo kan ƙaramin akwatin ƙarfen nan da ake ajiyewa a ƙasa tsakanin jita da amfilifaya. Ka taka shi, sauti ya ɗauke, fitilu su nuna maka ko tsirkiya ta hau daidai. Irin su Boss TU-3, Korg Pitchblack da PolyTune na TC Electronic. Makaɗa "tuna" suke ce masa, amma a rubuce ba a bambanta shi da tuna baya. Wane suna za mu sa?

Malama_Nahawu: Wa alaikumus salam. Mu fara da "madaidaicin tsirkiya", a kan sigar sunan kayan aiki irin ta mabuɗi da madubi. Tsirkiya kalma ce da masu garaya, molo da gurmi suka sani tun fil azal.

Injiniya_Sabongari: Malama, a gafarce ni, sunan ya ba na'urar aikin da ba nata ba. Ba ta daidaita komai. Abin da take yi shi ne ƙirga sau nawa tsirkiya ta karkaɗa a daƙiƙa ɗaya, ta gwada da adadin da ya kamata. A saitin da aka saba, tsirkiyoyi shida daga mai kauri zuwa siririya su ne E, A, D, G, B, E, wato 82.41, 110, 146.83, 196, 246.94 da 329.63 Hz (Hz shi ne yawan karkaɗawa a daƙiƙa ɗaya). Idan ta ji 108 maimakon 110 sai ta nuna cewa A ta gaza, hannunka ne zai murɗa. Ma'auni ce. Sunan ya kamata ya fito da awo.

Malama_Nahawu: Na karɓa. To "ma'aunin amo"?

Injiniya_Sabongari: Wannan kuma mai haɗa sauti a situdiyo zai ɗauka na'urar auna ƙarfin ƙara ake nufi. "Ma'aunin tsirkiya" ma ba zai yi ba, domin ana auna kaurin tsirkiya, irin .009 da .010 da ake rubutawa a jikin fakiti, a rikice.

Ɗan_Agadas: Ku yi haƙuri manya, sunan da zai rayu shi ne wanda za a iya faɗa a filin biki ana hayaniya. Kowa yana cewa "yi saiti", "jitarka ba ta kan saiti". Feda kuma ko yaro mai keke ya san abin takawa ne. Me ya hana "fedar saiti"?

Mai_Gyara_Jos: Ina bayan wannan, amma a bar wa gidan suna guda, domin iri uku ne. Akwai na maƙalawa a kan jita, wanda ke jin rawar katako. Idan ganguna da bes suna tashi kusa da kai yakan ruɗe, galibi batirinsa ƙarami ne mai kama da kwabo, CR2032, jikinsa roba, faɗuwa ɗaya maƙalin ya karye. Akwai manhajar wayar salula, ita makirfo take dogaro da shi, a kan dandamali ba ta da amfani. Na ƙafa shi ne ke karɓar sauti ta wayar jita kai tsaye, hayaniyar waje ba ta shafe shi, kuma yana kashe sautinka yayin da kake saiti don kada jama'a su sha ƙararsa. Sai a ce dukkansu "ma'aunin saiti", na ƙafa "fedar saiti".

Mai_Jita_Kaduna: Madalla. Tunda ga masana, littafin yana da sashe a kan yadda ake zaɓar mai ƙarko. Akwai kalmomi biyu a jikin kwali, "true bypass" da "buffer", da suke buƙatar Hausa su ma, na yadda sauti ke ratsa fedar idan tana kashe.

Injiniya_Sabongari: Na farko a ce "wuce-kai-tsaye": makunni yana haɗa bakin shiga da bakin fita, sauti bai taɓa da'irar ciki ba. Na biyu a bar shi "bafa" yadda makaɗa ke faɗa, a yi bayani sau ɗaya. Ga dalilinsa. Sautin da ke fitowa daga jita rarrauna ne, kowace mita ta waya tana shanye masa kaifi, idan jimillar waya ta wuce kamar mita shida kunne zai fara jin ya dushe. Bafa tana karɓarsa ta tura shi da ƙarfin da doguwar waya ba za ta rage shi ba. TU-3 bafa ce koyaushe. TU-3W da PolyTune 3 suna ba ka zaɓi. Babban aibin bafa shi ne: batir ya mutu, jita ta yi shiru gaba ɗaya, ko fedar tana kashe.

Wutar kuma a rubuta ta da manyan baƙi, domin ita ke kashe fedoji fiye da takawa. 9V DC, bakin 2.1 mm, tsakiya negatif. Adaftocin kibod na Yamaha da yawa 12V ne kuma tsakiyarsu fozitif, bakin yana shiga sumul, sai ka ji ƙauri. Wanda aka rubuta AC a wajen fitarsa shi ma haka. Adaftar da aka yi don Amurka ta 120V kada a soka ta a wutarmu ta 230V sai in an rubuta 100-240V a jikinta. TU-3 tana jan 30 mA, idan ka kunna haske mai ƙarfi ta kai 85 mA, batir ba ya jimawa a haka. Kuma muddin waya tana soke a bakin shiga batir yana ci, ko ba ka taka ba. A zare bayan wasa.

Ɗan_Agadas: Hasken nan ba ado ba ne. Mai wasa a fili da rana tsaka, idan allon ba ya da haske sosai ba abin da zai gani. A gwada a ƙofar shago cikin rana kafin a biya.

Mai_Gyara_Jos: Wajen ƙarko abu uku nake so a duba. Jiki ya zama ƙarfe. Bakunan waya su zama masu noti da aka ɗaure a jikin akwati. Waɗanda aka liƙa da dalma a kan allon ciki kawai, duk fizgar waya a kan dalmar take sauka, sai ta tsage sauti ya riƙa yankewa. Na uku makunni. Ƙurar hunturu tana shiga makunnin ƙarfe mai "ƙas", ya fara ƙarƙar ko ya ƙi kamawa. Feshin wanke makunnin lantarki yana gyara shi, man inji kuwa ƙara tara ƙura yake yi. Tsarin Boss, faffaɗan murfi mai roba da ke danna ƙaramin makunni a ciki, shi ya sa har yau ake samun TU-2 ta 1998, wadda ta gabaci TU-3, tana aiki. Batirin da aka manta a ciki wata da watanni yana zubar da ruwa ya cinye mariƙinsa.

Malama_Nahawu: Ma'aunin daidaito fa, "cent", wanda ake raba rabin mataki (tazarar gaɓa ɗaya a wuyan jita) gida ɗari? Kada dai a rubuta "santi", mai karatu ya zaci tuwo ne ya yi daɗi.

Injiniya_Sabongari: Haha, a rubuta "sent". TU-2 kuskurenta sent uku sama ko ƙasa, TU-3 sent ɗaya, Peterson StroboStomp HD kashi ɗaya cikin goma na sent. Ga wasan dandamali sent ɗaya ya wadatar. Mai tsananin daidaito sai wajen gyaran jaki, wato inda tsirkiyoyi ke zaune a jikin jita: ka auna tsirkiya a sake, ka danne ta a gaɓa ta 12 ka sake aunawa. In ta haura, a ja mazauninta baya tsirkiya ta ƙara tsawo. In ta gaza, a matso da shi gaba. Ga kalmomi biyu nan ma sun samu, "ta haura" da "ta gaza".

Mai_Gyara_Jos: A sa waɗannan a sashen amfani. Fedar saiti ita ce ta farko bayan jita, domin fedojin da ke gurɓata sauti ko karkaɗa shi suna ruɗa ta. A kaɗa tsirkiya ɗaya a hankali, a danne sauran, a jira kamar daƙiƙa ɗaya, don bugun farko yakan haura kafin ya zauna. Kullum a hau daga ƙasa: in ta haura a sassauta har ta gaza, sannan a ɗaure, in ba haka ba za ta zame ana cikin kiɗa. Jita mai sandar girgiza, sandar da ake dannawa sauti ya karkaɗa, sai an zagaya tsirkiyoyin sau biyu ko uku, ɗaure ɗaya yana sassauta saura. Sannan a duba lambar tushe, wato Hz ɗin amon A da fedar ke gwada komai da shi, tana kan 440. TU-3 tana tafiya daga 436 zuwa 445, yatsa ya taɓa maɓallin bisa kuskure ta koma 445, kowace tsirkiya za ta nuna kore alhali ka haura mai kibod da kusan sent ashirin.

Mai_Jita_Kaduna: Na gode ƙwarai. An rubuta: ma'aunin saiti, fedar saiti, na maƙalawa, wuce-kai-tsaye, bafa, sent, ta haura, ta gaza. Malama, jam'in fa?

Malama_Nahawu: Fedojin saiti. Kalmar mace ce: fedar saiti ta mutu, ba ya mutu ba.